Abin da Ke Ƙarƙashin Bonet

Asabar ce a Española, sanyi bai saki ƙasa ba,
hayaƙin itacen piñon na tashi daga kowane bututu.
Na ɗaga bonet, na tokare shi da sandar tsintsiya.

Baba Eusebio na zaune kan bokitin fenti a kife,
bargo a gwiwa, hannuwa na rawa,
bakin nan kuwa ko kusa bai tsufa ba:
"Ofelia, cire wayar batir tukuna, baƙar kafin ja.
Rufe kafireto. Ruwa ba ya neman izini."
Na sa masa ledar burodi, na ɗaure da roba
kamar mai kitso za ta shiga ruwan sama.

Shekara goma sha ɗaya Impala na barci a rumfa.
Ƙasa ta auri baƙin mai, sun haifi wata laka
da ba ta jin lallashi sai kankara.
Ɓeraye sun kafa gari a bayan lagireto,
da rumbunsu, da katifarsu ta audugar kujera.
Na tashe su ba sammaci.

Burushin haƙori uku na kashe kafin rana ta take.
Noti bayan noti, lungu bayan lungu,
kumfa na shiga fari, ya fito kamar miyar kuka.
Farcena ya karye, ƙarfe ya yanke ni a wuyan hannu,
Baba ya ce, "To, yanzu ta san ki."

Can ƙasa, tsakanin inji da ƙashin mota,
yatsana ya taɓa wani abu mai sanyi.
Sifana ce, 'yar rabin inci, tsatsa ta yi mata riga.
Ita ce wadda Baba ya rantse Filemón ya ara bai mayar ba.
A kanta suka daina gaisawa,
coci ɗaya, benci daban, shekara goma sha uku.
Na miƙa masa. Ya juya ta, ya sake juyawa,
ya sa a aljihu, ya ce iska ta yi yawa yau.

Da yamma aka shiga kwalliya.
Fenti ruwan lemo a jikin inji, shafa biyu,
sababbin wayoyin fulogi jajaye, na jera su kamar kalaba,
sabon fambel, tiyo baƙi wuluk,
murfin kai na goge har na ga fuskata a ciki,
doguwa, karkatacciya, da giris a hanci.

Saura cikin bonet ɗin kansa.
Na ɗaga tsumma, sai na tsaya.
Tafin hannu ne na baƙin mai, yatsu biyar a buɗe,
ɗan ƙaramin ya lanƙwashe waje.
Anselmo ne kaɗai ke da irin wannan yatsa,
tun da ƙofa ta datse shi muna yara.
Nan ya dafa ranar ƙarshe da ya leƙa injin nan,
kafin titin Chimayó ya karɓe mana shi.

"Gobe alƙalai za su rage maki," in ji ni.
Baba ya ce, "Su rage."
Na wanke kewaye da shi a hankali,
yadda ake wanke gefen ciwo.

Na mayar da waya, ja kafin baƙa. Na murɗa makulli.
Ta yi tari, ta yi gunaguni, ta tofar da hayaƙi,
sannan ta kama, rumfa duk ta ɗauki rawa.
Baba ya rufe ido yana saurare
kamar likita da kunne a ƙirji.
"Fulogi na uku yana ɗingishi," ya ce.
Ya dafa aljihunsa.
"Bar shi haka. Cire ledar nan, rufe bonet.
Kai ni gidan Filemón kafin duhu."